Ɗigo Tara a Gaban Suruki

Jiya da daddare na canza fatan ɗin kulle wayata, yau da sassafe mutuncina ya zube a teburin mai shayi.

'Yata ce ta jawo, mai shekara shida. Na kama ta tana kallon katun a wayar, na ce wa ya buɗe miki? Ta karkata gilashin wajen ƙwan lantarki, sai ga M, harafin farkon sunana, raɗau da man ƙosai. Abin da masana a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka suka ɗauko kyamarori suka tabbatar a 2010, wai maiƙon yatsa na tona asirin zane, ita a tsakar gida ta gano shi, kyauta. Na ce to, yau za a san mai gidan. Ɗigo huɗu Android ke nema aƙalla, ni na haɗe taran duka. Na faro daga tsakiya, na sha kwana, na ratsa, na karkace, har zanen ya koma kamar mai kauce wa taɓo a lungunan Rafin Guza cikin Agusta. Barci na fizgata, ina murmushi.

Da safe ina kan benci a bakin hanyar da ke fita Kawo, na gama da shayi mai kauri da ƙwai uku, sai ga surukina daga masallaci ya tsaya sayen biredi. Na durƙusa na gaishe shi. Bakina ya riga hankalina: "Baba, ku bar shi, ni zan biya." Wannan bai ishe ni ba, na ɗaga murya: "Malam, haɗa da na duk wanda ke teburin nan." Mutum biyar suka sa mini albarka. Aljihuna ko naira hamsin babu, taransifa na dogara da ita.

Na zaro waya. Yatsana ya nufi kusurwar ƙasa ta hagu kamar jakin da ya san hanyar gida, na janye shi na dire a tsakiya. Daga tsakiya kuma sai ina? Sama? Na gwada, ta ƙi. Na gwada ƙasa, ta ƙi. Na goge gilashin da hannun riga, kamar laifinsa ne. A karo na biyar wayar ta rubuta mini in dakata daƙiƙa 30.

Jama'a, daƙiƙa talatin ɗin nan! Baba na tsaye, biredi a hammata, carbi a hannu, ina jin ƙarar kowane ɗan carbi da ya ja. Mai shayi ya tsaya cak da kofi biyu, bai sheƙa ba. Mutum biyar ɗin da suka sa mini albarka suka leƙo, muka haɗa kai muna kallon lamba na sauka, 19, 18, 17, kamar 'yan kallon ƙwallo. Baba bai ce uffan ba. Gyaran murya kawai ya yi. Da ma mari ne.

Sai mashawarta suka buɗe ofis. Wani mai Napep ya ce in cire batiri in hura. Na ce irin wannan batirinta ba ya fita. Ya ce to a binne ta a shinkafa. Na ce ai wannan na wadda ta faɗa ruwa ne. "Alhaji," in ji shi, "ka taɓa jin wanda shinkafa ta cuta?" Wani dattijo ya miƙo 'yar rakani-kashinsa, wai in kira layina, in ta ji muryar mai ita za ta saki jiki. Wani ya ce in kai ta kasuwar Gumi a yi mata filashin. Wato a share komai, sannan ta tambaye ni kalmar sirrin Google, wadda na adana a cikin wayar.

Gwanina shi ne wani ɗalibin jami'ar jiha, ya gyara tabarau ya ce in kwantar da hankalina, zanen da ɗigo tara ke iya bayarwa 389,112 ne kacal. Biyar-biyar duk rabin minti, in jiran bai ƙaru ba, kwana 27 ya isa. Mai shayi ya ce shi ƙarfe goma yake tashi. Yaron da ke wanke kofuna ya ce, "Kawu, gwada harafin sunanka mana." Na harare shi. Na ce wannan na yara ne.

Baba ya sa hannu a aljihun 'yar ciki, ya warware kuɗi a natse, ya biya biredinsa, ya biya na mutum biyar, ya tambaya, "Shi kuma ƙwai nawa ya ci?"

Na dawo gida na jefa wayar kan tabarma. Kafin in cire hula na ji kiɗan katun. 'Yata ce. "Abba, ai M ɗin nan ne." Ashe sabon zane sai an maimaita shi sau biyu yake zama, ni kuwa sau ɗaya na yi barci ya sace ni.

Ɗazu Baba ya aiko ƙanin matata da biredi biyu, wai a ba yara, kada su jira kwana 27.