Kunamar Da Ba Ta Harbi

Abalessa tana yamma da Tamanrasset, a kudancin Aljeriya, kuma an san ta da kabarin Tin Hinan, wadda Abzinawan Ahaggar ke ɗauka a matsayin uwarsu. Da aka tone kabarin a 1925, an iske ta da mundaye bakwai na azurfa a hannu ɗaya, bakwai na zinariya a ɗayan. Mai irin wannan hannu ba ta tashi ta kunna wa kanta komai. Aike take yi.

Maigidan Abalessa na yau ya gaji wannan ra'ayi, sai dai kayan sautinsa ba su da labari. Akwatin farko, mai zaɓar waƙa da daidaita murya, yana jin rimot. Babbar amfilifaya kuwa, wadda ke tura lasifika, sai an je gabanta an danna. Daga tabarma zuwa wurinta taku huɗu ne, ga shayi a kan gawayi, zagaye na biyu bai ma tafasa ba.

Tsohuwar fasahar da ake magance wannan da ita sunanta Auta. "Kai Auta, zo danna mini." Tana aiki, amma tana da nakasu: tana zuwa makaranta, tana bin ƙwallo, daga ƙarshe ta girma ta tafi Tamanrasset neman aiki.

Sabuwar fasahar siririyar waya ce da Turawa ke kira tiriga, wato kunamar bindiga. A Sahara dole a fayyace: wannan kunamar ba ta harbi ko ta wace fassara, ba kuma a iske ta cikin takalmi da asuba. Kanta biyu, kowane kai milimita 3.5, kamar na abin sauraro a kunne amma mai zobe ɗaya. Kai ɗaya a ramin fita na akwatin farko, ɗayan a ramin shiga na amfilifaya. Da an danna rimot, akwatin farko ya saki wutar bolt 12, irin ta batirin mota, amfilifaya ta farka. Da ya mutu, wutar ta yanke, ita ma ta kwanta. Waƙa ba ta bi ta wayar nan. Saƙo ɗaya take kaiwa: maigida ya ce ki tashi. Duk makanikin lantarkin da ya taɓa ɗaura amfilifaya a motar da ke bin hanyar In Guezzam ya san 'yar'uwarta, shuɗiyar wayar nan ta bayan rediyo.

A ƙa'ida amfilifaya ce ƙarshen tashi, ita ce farkon kwanciya. In aka juya, lasifika kan yi wani "dum" da ke sa awakin maƙwabta taron gaggawa. Auta bai taɓa riƙe wannan jeri ba.

Ramin idon rimot girmansu ɗaya da ramin kunama, don haka a karanta rubutun kafin a soka. Wutar kamfanin Sonelgaz mai bolt 230 tana nan a soket ɗinta, amfilifaya daga can take ci, kada kowa ya yi wa 'yar wayar karamci da ita. Ana iya jera amfilifaya biyu ko uku, wannan ta tashi waccan, amma ƙarfin ramin fita kaɗan ne. Kamar kowane ɗan aike, in gidajen sun yi yawa, na ƙarshe ba ya samun saƙo.

Akwai amfilifayar da ba ta buƙatar waya, sauti take jira. Da jitar mawaƙan Tinariwen nan take za ta miƙe. Da imzad, gogen matan Abzinawa mai tsirkiya ɗaya, in an rage murya, tana iya ɗauka shiru ne ta koma barci ana tsakiyar sauraro.

Da an gama haɗawa, maigida ba zai sake tashi ba. Saura rimot ɗin, wanda ke can bisa amfilifaya, taku huɗu daga tabarma.

"Kai Auta!"