Wanda Ya Ji Ya Gaya Wa Wanda Bai Ji Ba

Mu nan ƙasar Ruma ba ma wasa da mai shela. Ruwan shuka na sauka za ka ji shi yana zagaya unguwa bayan la'asar: "Kuna ji ko jama'a? Mai gari ya gaishe ku, ya ce kowa ya ɗaure akuyarsa, shuka ta fito!" Mai shayi ya dakata da fifita wuta, mata su tsayar da taɓarya, yara su bi shi a guje. Ganin wata, rigakafin shan-inna, cigiyar yaro, gayyar gyaran maƙabarta, duk ta bakinsa muke ji. 'Yan uwanmu na Safana da Runka ma haka suke.

Ranar nan muna zaune a majalisa sai hirar ta faɗo kansa. Wani dattijo ya tuno mana watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Batsari da Safana, saboda ɓarayin Dajin Rugu. Ya ce, "Yaran nan, da wayoyinku suka yi shiru, wa kuka koma wa?" Muka ce mai shela, Baba.

A cikinmu akwai wani malamin makaranta, Bahaushe Kirista daga wajen Malumfashi, da muka daɗe muna cin tuwo tare. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Baba, ai addininmu ma da shela ya fara." Baba ya gyara zama ya ce, "To Malam, warware mana."

Ya ce da Girkanci aka rubuta Sabon Alkawari, kuma Girkawan dā suna da nasu sankiran, suna ce masa keriks. Shi ke tara mutane, shi ke tsawatar da taro a yi shiru, shi ke kai saƙo tsakanin rundunoni biyu riƙe da sandarsa, ba mai taɓa shi. A tsohuwar waƙarsu ta Iliyad har akwai wani Sitento da aka ce muryarsa ta kai ta mutum hamsin. To abin da keriks ya ɗaga murya ya faɗa, shi ne kerigma. Ba ra'ayinsa ba ne, ba kuma shawara ba ce. Abu ne ya faru, aka aiko shi ya sanar.

Wannan kalma Kiristocin farko suka ɗauka suka sa wa saƙonsu. Bulus ya yi amfani da ita a wasiƙarsa ta farko ga mutanen Korinti. A Matiyu 12:41 ma da ita aka kira gargaɗin da Annabi Yunusa ya yi wa mutanen Nineba har suka tuba. Da jin haka Baba ya kaɗa kai, don wannan labarin mun san shi tun muna makarantar allo. Malam ya ce shelar tasu gajeriya ce, kamar yadda Bitrus ya yi ta a Urushalima ranar Fentikos: alkawarin annabawa ya cika, Yesu ya zo, an gicciye shi, ya tashi, kowa ya tuba. Nan Baba ya ce, "A nan muka rabu, Malam, mu ba haka muka karɓa game da Annabi Isa ba." Malam ya ce, "Na sani, Baba." Aka ƙara masa shayi.

Abin da ya fi kama ni shi ne rabon da ya ce wani masani ɗan Birtaniya, C. H. Dodd, ya yi a littafinsa na 1936. Kerigma daban, didake daban. Ta farko a fili ake yin ta, don wanda bai taɓa ji ba. Ta biyu koyarwa ce, a zaune, ga wanda ya riga ya amsa. Na ce ai mu ma haka muke: shela a bakin kasuwa, karatu a zaure. Ba wanda ke jan baƙi da gudu, ba kuma wanda ke cigiya da raɗa.

Shi ya sa har gobe nake ganin girman mutumin nan mai zagaya unguwa. Ba ya ƙara gishiri, ba ya rage komai, kuma kafin ya faɗi saƙo sai ya faɗi wanda ya aiko shi. In maganar ta fito daga fadar Sarkin Ruma ko ta Yariman Katsina a Safana, ka san ƙofar da za ka je ka tambaya. Yanzu fa? Murya ta shigo WhatsApp, "an ce ga su nan tafe", ba mai aike, ba ɗan aike. Na ga daren da unguwarmu ta watse a kan irin wannan, tsohuwa ta bar tukunya a kan murhu, washegari aka tarar ba komai. A ƙasar da tsoro ya riga ya yi mana yawa, magana zarar bunu ce.

Da muka tashi sallar magariba, Baba ya nuna wayar da ke aljihun jikansa ya ce, "Kai ma yanzu sankira ne. Kafin ka tura, ka tambayi kanka wa ya aike ka."