Yadda Na Karya Hauren Giwa a Delhi

Ni jikan 'yan kasuwar Kurmi ta Kano ne, kuma darasin farko da na koya a kasuwa shi ne kushe kaya. Ko zinare aka miƙo maka, sai ka yamutsa fuska ka ce ja ya yi masa yawa. Ban da wannan, na yi digirin Indiyanci a kan bencin silimar Plaza, na fito da kalmomi uku cif: acca (to), nahi (a'a), kitna (nawa ne). Saboda haka da aka tashi neman wanda zai raka Kawu Delhi aikin gwiwa, ni na fara buga ƙirji. Na ce Indiya ai gida ce.

Bayan an sallami Kawu, ya ce yana son abin ɗora Alƙur'ani na katako, irin wanda masassaƙan Saharanpur suka shahara da shi. Na turo shi a keken marasa lafiya zuwa Dilli Haat, kasuwar sana'ar hannu da aka buɗe a 1994, inda masu sana'a daga jihohi daban-daban ke karɓa-karɓar rumfuna duk mako biyu. Muka tsaya a rumfar wani dattijo mai tabarau da 'yarsa 'yar makaranta. Ga abin da muka zo nema, an sassaƙa shi da icen shisham, furanni kamar a taɓa su motsa. Na raɗa wa Kawu cewa ya yi shiru ya ga aikin gado. Dabarata ita ce in fara zubar da darajar sauran kayan rumfar, kafin in zo kan namu jikin dattijo ya yi sanyi.

Na nuna wani sassaƙe mai kan giwa da jikin mutum, na kaɗa kai cikin jimami. Na ce wannan ai ya karye, haure ɗaya ya guntule, ga ma ɓera a gindinsa. Yarinyar ta gyara tsayuwa ta ce wannan Ganesha ne, wanda mabiya addinin Hindu ke farawa da shi kafin kowace harka don ya kawar musu da cikas. A labarinsu, shi ya karya haurensa da kansa ya mai da shi alƙalami, ya rubuta babban littafinsu Mahabharata sa'ad da wani malaminsu Vyasa ke yi masa shifta. Ɓeran kuma abin hawansa ne. Na ce acca, irin ta wanda dama gwada ta yake yi.

Mai hankali da nan ya tsaya. Ni kuwa na matsa gaba, na ce to wannan na zaune fa, kunnuwansa sun yi tsawo, kansa da ƙulu, hannu ɗaya ya zube ƙasa kamar masassaƙin ya gaji. Ta ce Buddha ne. Ɗan sarki ne da ya bar fada, kuma tsawon kunnen shaidar manyan 'yan kunnen da ya cire ya bar wa duniya. Ƙulun alamar hikima ce. Hannun da ya taɓa ƙasa kuwa yana kiran ƙasa ta zama shaida ne, a gindin wata bishiya a Bodh Gaya a jihar Bihar. Kawu ya ja bakin rigata ya ce, "Kai, ɗan nan, mu sayi abinmu mu tafi."

Ina! Jinin Kurmi ya riga ya hau. Na hango wani mai manyan idanu zagayayyu, hannuwansa dungu, ba yatsu ba ƙafafu. Na ce yauwa, wannan dai ko makaho ya shafa ya san ba a gama shi ba. A nan dattijon da kansa ya yi murmushi. 'Yarsa ta ce Jagannath ne na garin Puri a jihar Odisha, kuma haka siffarsa take. Na babban ɗakin ibadar Hindu na garin da icen darbejiya ake yin sa, wannan dai darbejiyar da muke shan inuwarta a ƙofar gida, kuma bayan shekaru akan sassaƙa sabo a binne tsohon. An yi haka a 1996, an sake a 2015. Kafin ta rufe baki wasu Turawa biyu sun tsaya suna saurare, ɗaya har yana gyaɗa mata kai yana kallona da tausayi.

Sai na ga mafita. A gefe akwai wata 'yar giwa ta icen sandal daga Mysore, giwa zalla, ba ta kowa ba, haure biyu lafiya lau. Na ɗauko ta na ɗaga sama, na ce to ga yadda ake giwa a garinmu. Na ɗan ƙwanƙwasa hauren da farce don in nuna ƙwarinsa. Ƙas! Ya faɗo cikin tafin hannuna.

Rumfar ta yi tsit. Yarinyar ta duba hauren, ta dube ni, ta ce cikin ladabi, "Wannan kam ba shi da wata ma'ana, karyewa ya yi." Kalma ɗaya ce a cikin ukun ta dace da wurin, ita na yi amfani da ita: kitna. Dattijo ya rubuta 4,000 a takarda. Ban taya ba. Jikan 'yan Kurmi ya ƙirga rupi 4,000 yana ba da haƙuri. Kawu ya ciro nasa kuɗin, ya nuna abin ɗora Alƙur'ani da yatsa, ya yi wa dattijon murmushi, aka rage masa rupi 200 ba tare da ya furta ko acca ba.

Da na dawo Kano, uwargida ta ce mutum-mutumi ba zai kwana a ɗakinta ba. Ta sunsuna giwar, idonta ya yi haske, ta aika aka kawo turmi. Wata uku gidanmu yana ƙamshin turaren wutar da babu mai tsadarsa a unguwar. Ɗan'uwa, in Allah ya kai ka kasuwar mutane, ka tambaya kafin ka kushe, kuma ka bar hannunka a aljihu.