Yadda Mota Ta Cinye Gida a Hawan Mambila

Da Kawu ya karɓi kuɗin sallamarsa daga aiki, kowa a dangi ya kawo shawara. Wasu suka ce fili, wasu suka ce shanu, matarsa Hajiya ta ce a sake rufin gida. Ya saurari kowa, ya yi godiya, ya kama hanyar Kwatano. Sai ga shi ya dawo Gombe da wata farar mota mai ƙusumbi a ka, irin wadda tsofaffin Turawa kan saya su riƙa yawon duniya suna kwana a ciki. Akwai gado biyu, ɗaya a cikin ƙusumbin, ga tebur mai naɗewa, ga murhun gas, ga ɗan firji, ga tankin ruwa, ga wani lungu mai masai da wurin wanka wanda in ka shiga sai dai ka fito da baya. Kafin a kashe injin yaran unguwa sun raɗa mata suna Ɗaki-da-Falo.

Hujjar Kawu ita ce fili ba ya tafiya, shanu kuma ba a kwana a cikinsu, wannan kuwa gida ne da mota a kuɗi ɗaya. Hajiya ta ce ita dai abin da ta sani, taura biyu ba ta taunuwa. Ya ce za ta gani da idonta, domin tafiyar farko ma Mambila za a yi, ƙasar da ya daɗe yana jin labarin sanyinta a bakin abokan aiki. Aka ɗauke ni direba saboda ina da lasin, kuma ba ni da aikin da za a ce an kore ni in na daɗe. Autansu shi ne yaron mota.

Irin waɗannan motoci an ƙera su ne kada su wuce tan 3.5 da kaya da mutane. Baturen da ya yanke wannan lissafi bai san Hajiya ba. Buhun shinkafa ya shiga, jarkar manja ta shiga, janareta, tukwane, keken ɗinki wai ko za a samu aiki a can, sai kuma turmi da taɓarya, don ta ce ba za ta ci yajin da wata ta daka ba.

Daga Gombe zuwa Numan zuwa Jalingo lafiya lau, in ban da wani ma'aikaci a shingen hanya da ya leƙo ya ga labule da katifa.

“Alhaji, motar asibiti ce?”

“Gida ne,” in ji Kawu, yana wani ɗaga kai.

“To, ina takardar fili?”

Sai da Hajiya ta miƙa masa dambun nama a leda aka ɗaga shingen.

Bayan Garba Chede allurar zafin inji ta fara hawa. A Bali muka samu bakanike a gindin mangwaro, ya buɗe boneti, ya kwance wani ɗan ƙarfe mai sifirin daga bakin tiyon lagireto, ya cilla shi cikin ciyawa. Ya ce wannan na ƙasar sanyi ne, aikinsa tsare ruwa har inji ya ɗumama, mu kuwa Allah ya hore mana ɗumi kyauta. Sannan ya ba ni dabara: in allura ta sake hawa, in kunna hitar cikin mota har ƙarshe. Dabarar kuwa gaskiya ce, domin hita daga ruwan inji take ɗebo zafi, duk abin da ta huro maka a fuska ta rage wa inji ne. Haka muka ratsa ƙasar Bali da tsakar rana, gari yana tafasa a waje, mu kuma muna hura wa kanmu wuta a ciki. Kawu ya cire babbar riga, ya cire hula, ya saura daga shi sai singileti yana fifita da taswira. Hajiya daga falo ta ce, “Alhaji, wannan ne sanyin?”

A Serti muka kwana, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, wanda aka kafa a 1991, kuma babu gandun ƙasa mai girmansa a Nijeriya. Nan ne kaɗai gidan ya yi aikin gida yadda aka yi alkawari. Aka kunna fitilu, firji ya yi ta gurnani, Auta ya danne duk wani maɓalli da ya gani, da yake rubutun jikinsu da Jamusanci ne kuma ba wanda zai ce masa ga abin da aka hana. Da asuba na murɗa makulli, ko tari motar ba ta yi ba. A ƙa'ida batir biyu ake sa musu, ɗaya na tayar da inji, ɗaya na hidimar ɗaki, don kada ɗaki ya shanye na inji. Namu wani mai basira a can bakin teku ya riga ya cire na ɗakin ya haɗe wayoyin wuri guda. Samarin tasha suka zo turi, suka zagaya ta, shugabansu ya ce kuɗin tura mota daban, na tura gida daban.

Mayo Selbe ita ce gindin dutse. Daga nan hanya take miƙewa sama, tana naɗewa a jikin tsauni, hagu bango, dama kwazazzabon da ba a son kallo. Direbobin tsofaffin Land Rover, waɗanda su ne jakunan ƙasar nan tun zamanin da, suka bar shayinsu suka zo kallonmu. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali. Wani dattijo ya dafa ƙofa ya ce, “Ɗana, in kun kai wurin da ake kira Biyu da Sisi kada ka canja giya. Wadda ka shiga da ita, da ita za ka fita, ko da kuwa injin yana kiran sunanka.”

Injin gas da ba shi da turbo, kamar namu, yakan rasa wajen kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa a duk hawan mita 1,000, saboda iska tana yin shara-shara a sama. To, wanda ya taso da ƙarfi kaɗan daga Gombe, me za a raba? Muna giya ta ɗaya, totur a ƙasa, sai ga wata mata da daurin itace a ka ta kamo mu, ta yi mana sannu, ta wuce. Can a wata kwana sai muka ji fus, tururi ya rufe gilashi, ruwan zafi ya tsiyayo a ƙafafun Kawu. Na taka birki, na ja na hannu, motar ta yi tunani kaɗan ta fara komawa Serti.

“Auta, weji!”

Babu weji. Auta ya diro da abin da hannunsa ya fara kaiwa, ya cusa a bayan taya. Motar ta tsaya cak. Turmin Hajiya ne. Abin da ta faɗa a wurin ba na bugawa a takarda ba ne, amma ko ita ba ta ce a cire ba.

Wani ɗan acaɓa ya tafi Maisamari ya ɗauko mana bakanike. Kafin su iso Kawu ya zaunar da mu a bakin hanya, ƙafafunsa cikin bokiti, yana ba mu tarihi: wai ƙasar nan da can tana cikin yankin Kamaru da Ingila ke riƙo, sai a 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, mutanen arewacin yankin suka zaɓi Nijeriya, aka sa wa lardin sunan Sardauna, sunan da ƙaramar hukumar ke amsawa har gobe. Hajiya ta ce ita da an tambaye ta, da ta bar wa Kamaru wannan hawan.

Bakaniken ya zo cikin wata ƙatuwar rigar sanyi, da buhun sifanoni a kafaɗa. Ya leƙa inji bai fi minti guda ba. Tiyon hita ne ya fashe, wannan dai hitar da ta cece mu a Bali. Ya ce babu irinsa sai Jalingo. Sannan ya nemi izinin shiga ɗaki ya sha ruwa, kuma tun daga yadda ya tsaya a tsakiyar falo yana juya kai na san an gama da mu. Mu muna ganin kicin da banɗaki. Shi shagon sifeya yake gani.

“Alhaji, ai ba ku da matsala,” ya ce. “Motar nan ta zo da kayan gyaranta.”

Ya yanke tiyon wurin wanka, ya haɗe bakunan inji biyu da shi, ya zagaye hitar gaba ɗaya. Ya zare wayar labule ya ɗaure. Ya duba murfin lagireto ya ce robarsa ta mutu, ya kuma yi mana bayanin da na tarar daidai ne: a kan tudun nan, wajen mita 1,600, ruwa yana tafasa tun a digiri 95, murfin ne ke danne shi ya hana shi gaggawa. Ya dubi ƙasa, ya dubi ƙafar Kawu, ya yanko zobe daga silifas ɗinsa na alwala. Ruwan tankin da aka tanada don wanka da girki kuwa, lagireto ya sha ya ƙoshi. Kawu ya so ya yi gardama a kan tiyon, mutumin ya ce, “Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Alhaji, amma yau ni na sani.”

Sai ga mu a sama. Ba zan rage wa wurin nan komai ba: tuddai ne kore shar, ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen gani, shanun Fulani a warwatse, layukan itatuwan turare, ayaba da fiya a bakin hanya kamar ba a san kuɗinsu ba, gajimare yana ratsa kwalta a ƙasa da kai. Kawu ya yi shiru, ya mai da hularsa.

Da magariba ta yi a Nguroje sai sanyin da aka zo nema ya zo da kansa, ya shigo ta tagogin da ba su da labule. Kawu ya ce in kunna hita. Na tuna masa inda hita take. Ga shi kuma ɗan ƙarfen nan da ke tsare wa inji ɗumi yana can cikin ciyawar Bali, don haka injin ma rawar ɗari yake yi. Da safe gas ya ƙi kamawa sai an tafasa ruwa an kwarara wa kan inji. Tukunyar farko ta mota ce, ta biyu ma tata ce, mu sai ta uku muke samun shayi, in gas ɗin murhu ya kai.

Shayin ne ma ya ja mu Kakara, don Kawu ya ce ba zai zo har Mambila bai ga inda ake noman ganyen ba. An yi ruwa da dare, jar ƙasar hanyar ta zama sabulu. Motarmu da tayoyin gaba take ja, nauyinta kuwa duk yana baya, ga shinkafa ga janareta ga keken ɗinki, kuma a kan hawa nauyi ƙara komawa baya yake yi. Tayoyin gaba suka yi ta juyawa a banza suna fesa mana laka. Aka sa dardumar falo a ƙarƙashinsu, suka haɗiye ta suka tofar ta baya. Aka sa katifar ƙusumbi, ta ba mu taku goma ta mutu shahida. Wani makiyayi da ya daɗe tsaye da sanda a wuya yana kallo ya ce mu juya ta mu hau da baya, yadda nauyin zai dawo kan tayoyin da ke aiki. Na juya, na sa ribas, Auta yana gudu a gefe yana mini ihun hagu da dama, kuma wallahi ta hau. Da baya muka shiga ƙauyen. Mutanen da ke zaune a bakin masallaci suka ga mota tana kallon hanyar fita, suka ɗaga mana hannu.

“Har za ku koma? To, Allah ya kiyaye hanya, a gaida gida.”

A Gembu Kawu ya biya kuɗin ɗaki biyu a masaukin baƙi, bai kalli kowa ba. Takalman birki aka ce sai an aiko daga Jalingo, domin gangara ta fi hawa cin rai: birkin da aka daɗe ana takawa yana zafi, tsohon man birki kuma yana shan danshi, in ya tafasa sai ka taka ka ji ƙafarka ta shige har ƙasa. Na tambayi mai gyaran yaushe kayan za su iso. Ya ce in sha Allahu za su riga wutar lantarkin Mambila da aka yi alkawarin megawat 3,050, wadda ake zancenta tun ba a haife ni ba. Hajiya ba ta jira ko ɗaya daga ciki ba. Ta shiga motar haya da turminta a cinya, gefensa ɗaya da shatin taya.

Ranar saukowa Kawu ya ɗauki bakaniken Maisamari ya zaunar da shi a kujerar Hajiya. Giya ta ɗaya, inji yana kuka, ƙaurin birki yana shigowa, Auta a bakin ƙofa riƙe da ƙafar tebur da aka mayar weji. Ba mu yi nisa ba muka ji ƙarfe yana jan kwalta. Salansa ce ta saki. Na tsaya, bakaniken ya kwanta a ƙasa ya leƙa, ya ce ana bukatar ƙarfe dogo mai ɗan kauri. Bai rufe baki ba sai muka ji ƙarar sukundireba daga ciki. Kawu ne ya fito da sandar rataye tawul, har da kusoshinta a tafin hannu.

“Wannan za ta yi?”

Mutumin ya gwada, ya girgiza kai. “Ta yi gajere, Alhaji. Tsanin hawa gadon sama fa?”

“Auta,” in ji Kawu, “miƙo masa tsani.”