Zuwa ga Bawana Bazazzagi, Mai Gamawa da Biro

Bawana Bazazzagi! Labarinka ya riga gaisuwarka isowa Bebeji, ga shi kuwa gaisuwar ce ta wajaba a kanka. An ce tun da aka kawo ka aiki Tudun Wada, tamu ta Dankadai nake nufi, ba taku ta Zariya ba, ka ga wani ɗan sakandare yana wulwula biro a tsakanin yatsunsa, ka rantse kafin Juma'a kai ma ka iya. Juma'o'i sun zo sun wuce, abin da ka ƙware a kai shi ne rarrafe a ƙarƙashin tebur. Mai shagon da ke sayar maka da biro har ya fara roƙon Allah kada ka iya, don kai ne kasuwarsa.

Da ka yi shiru da na rufa maka asiri. Sai kuma na ji kana yawo kana cewa biron Kano ne jabu, wai ba shi da nauyi, wai sai ka yi odar na musamman daga waje. Laifi tudu ne, Malam. Yaron da ya burge ka da wane biro ya yi? Bic ne mai cizajjen murfi, wanda ya ara a aji bai mayar ba.

Ciwonku ɗaya ne ku Zage-zagi. Don an kafa muku Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, kun ɗauka komai na duniya a takarda ake samun sa. Ka ƙarar da datarka a kallon bidiyo, ka haddace sunayen salo-salo, har kana yi wa mutane lacca a wurin mai shayi. Yatsu kuwa ba sa jin lacca. Maimaici kawai suka sani, su ma sai an gundure su da shi.

Tunda tarihi kake so, zauna in karantar da kai kyauta. A Japan wasan nan ya yi ƙarfi tun kafin zuwan intanet, kuma an daɗe ana jingina shi ga ɗaliban da suka faɗi jarrabawar shiga jami'a suke zaman jiran baɗi. Ka ga waɗannan shekara guda cur gare su, ga tebur, ga biro, ga takaici. A 1997 wani mai suna Hideaki Kondoh ya fara tattara salon wasan a intanet. A 2007 aka yi gasar duniya ta farko, kowa ya aika da bidiyonsa, wani ɗan Koriya ta Kudu ya cinye. A 2008 kuma Japan ta yi gasarta ta ƙasa a Tokyo, Ryuki Omura ya ɗauki kambu yana ɗan shekara 16. Gaskiya ne gwanayen suna gyara bironsu, su ƙara masa tsawo, su sa nauyi a kai da gindi don ya daidaita. Amma sai da hannu ya faɗa suka koma kan gyara. Kai kana so ka sayi sirdi tun ba ka san inda ake sayar da doki ba.

Ga matakin farko, wanda ake zagaya babban yatsa da biro. Ka fara ɗora shi a kan yatsa ɗaya har ka gano inda yake tsayawa ba ya rinjaya, nan ne cibiyarsa. Sai ka riƙe shi da babban yatsa da manuniya, yatsan tsakiya yana dafe da shi. Na tsakiyar nan ne zai tura, turawa 'yar kaɗan. Manuniya ta kauce ta ba shi hanya, babban yatsa ya tsaya cak, biro ya zagayo shi, ka cafe. Shi ke nan. Kai kuwa an ce kana haɗawa da wuyan hannu da kafaɗa har da cije leɓe, shi ya sa biron ke tashi ya faɗa kofin shayin mutane. Ka riƙa yi a kan katifa, minti goma da safe, goma da dare, kada ka tsallaka salo na biyu sai na farkon ya zo maka kana hira ba ka kallon hannunka. Zai faɗi sau ɗari, ka ɗauka sau ɗari da ɗaya. Kada kuma ka yi a gaban mai gidanka a ofis, albashinka bai kai haka ba.

Mu nan ba baƙin irin wannan ba ne. Kakanninmu sun san 'yan hoto, manoman da ke cilla garma sama ana kaɗa musu ganga, ta juyo da kaifinta su cafe, su sake cillawa. Jama'a na cewa asiri ne, ban yi musu da kowa ba. Ni dai na san babu ɗan hoton da ya fara a dandali ranar wasa. A gona ya fara, shi kaɗai, garmar tana faɗuwa yana tsalle yana kauce mata. Ƙarfe ke nan mai iya tsaga kai. Kai roba ce da tawada ta sa ka kuka.

Ko madatsar ruwan Tiga da kake zuwa ɗaukar hoto a bakinta, da gwamnati da injina da kuɗi, daga 1971 aka yi ta fama zamanin Audu Bako sai 1974 aka gama. Kai da yatsu biyar, huɗu ma ba sa jin maganarka, ka ba kanka mako guda.

To ga hukuncin ubangidanka. Idan watan cika-ciki ya kama, mu haɗu a Kwanar Dangora a gaban shaidu. Ka zagaya babban yatsanka sau goma a jere biro bai taɓa ƙasa ba, na yafe maka rabin kuɗin sharar bana. Idan ya faɗi, ka biya ninki biyu, ka haɗo da buhun shinkafar Tudun Wada, kuma a kanka za ka ɗauko shi har ƙofar gidana.