Ɗaki Mai Kallon Ruwa a Tabalak

'Yan birni sun ɓullo da sabon salo: in za su kwana a ƙauye, sai sun ce a ba su ɗaki mai kallon ruwa. To, bismilla. Daga Tawa ka kama hanyar Agadas, wajen kilomita 50, ga tabkin Tabalak nan gefen kwalta, wanda ya shiga jerin dausayoyin Ramsar tun 2005.

Sai dai ruwan nan ba ya zama wuri guda. Masaukin da ka yaba bayan damina don yana bakin gaɓa, in ka komo da bazara za ka tarar tabkin ya janye, tagarka tana kallon garake da shanun da suka zo shan ruwa. Kuɗin ɗakin kuwa yana nan daram.

In ka dace ruwan yana kusa, to akwai waɗanda suka riga ka kama wuri. Tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da sanyin hunturu baƙi ne masu kunya. Sauro kuwa ɗan gari ne, ba ya sallama, kuma jinin baƙo ya fi masa daɗi. Kwaɗi su kwana suna yi maka wasa kyauta har asuba.

Shi ya sa in mai masauki ya ce, "Malam, daga nan kana hango tabki," ni tambayata ita ce gidan sauronsa ƙofa nawa gare shi, sannan taku nawa ne zuwa wurin masu suyar karfasa da tarwaɗa.