Malam Ba Albashi

Duk shekara, da zarar kwalejojin ilimi sun saki ɗalibansu zuwa koyon koyarwa, wato TP, sai sababbin fuskoki su bayyana a makarantun Karaye da Rogo. Wasu daga Sa'adatu Rimi ta Kumbotso, wasu daga kwalejin tarayya ta Bichi, wasu daga Zariya, tunda Rogo ta fi kusa da Zazzau a kan birnin Kano. Ranar farko hedimasta zai tsayar da su gaban yara ya ce ga sababbin malamai. Daga ranar sunan Malam zai bi su har kasuwa, albashi kuwa ko hanyarsu bai sani ba. Watanni za su yi suna shiga aji, suna sayen kwali da maka da kuɗinsu, suna goge kaftani kullum don ba a san ranar da sufabaiza zai faɗo ba. Ga shi tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota daga Kabuga ta Kano kaɗai ya isa ya rabe guzurin mutum biyu. To, bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai dai kowa da salon cin nasa.

Wanda ya fi yawa shi ne Malam Za-a-turo. Shi a bakinsa bai taɓa cin bashi ba, kuɗinsa ne suka maƙale a hanya. Yayansa na Kaduna ya tura tun jiya, netwok ne ya riƙe. Zai tsaya gaban mai POS yana shafa fuskar waya, yana tsaki, yana zagin banki, har mai POS ya ji kunya ya ce, "Malam, karɓi dubu biyu ka riƙe, in sun shigo ka tura min." Tun da hukumar NELFUND ta fara bai wa ɗalibai rance a 2024, da naira 20,000 na kashewa duk wata, Malam Za-a-turo ya sami babban uzuri, don yanzu gwamnatin tarayya ce da kanta za ta turo. A kan dubu ashirin ɗin nan guda ɗaya ya yi wa mai shayi alkawari, ya yi wa mai wanki da guga, ya yi wa ɗan acaɓan da ke kai shi Yammedi. Ranar da suka shigo kuwa, ranar wayarsa ke mutuwa.

Ƙaninsa shi ne mai layuka. Wannan ba ya cin bashin mutum sai na kamfanin waya. Ya danna *303#, ya ranci kati, ya zare layin ya jefa a aljihun jaka, ya sa wani. Kowane layi da bashinsa, shi ya sa duk wanda ya kira shi sai ya ji a kashe, alhali ga shi can yana hira.

Amma gwanin gwanaye shi ne Malam mai rubutu. Yana lura da cewa Alhaji mai shago idonsa ya yi rauni, littafin bashinsa kuma ya hargitse, sai ya ce, "Haba Baba, muna gari ka riƙa wahala? Kawo in gyara maka." Ya ja layi da rula, ya ware suna, ya ware kwanan wata, ya ware kuɗi. Alhaji ya yi ta sa albarka, har da kyautar lemo. Daga nan littafin ya koma hannunsa. Ba na cewa yana ha'inci, a'a, duk abin da ya ɗauka yana rubutawa: taliya biyu, magi, sabulun wanka, gwangwanin madara. Sai dai nasa shafin yana can ƙarshen littafi inda Alhaji ba ya kaiwa, da ƙaramin rubutu, da Turanci. Na sauran mutane da manyan baƙaƙe, kuma shi ne mai tuna wa Alhaji cewa wane fa ya kwana biyu bai kawo komai ba.

Akwai mai tona rami ya cike rami. Ya ranci dubu uku a Zarewa ya biya na Rogo, ya ranta a Rogo ya biya na Zoza. Kowa shaidar arziki yake yi masa, mutum ne mai cika alkawari. Kuɗin acaɓan zagayen ne kawai ke ƙaruwa a kan uwar kuɗi.

Ɗan gari kuwa gonar babansa yake jinginarwa ba tare da tsohon ya sani ba. Ya je wurin mai ba-da-kaka ya karɓi kuɗi da damina a kan buhun masara da kaka. Masarar tana tsaye a gona, tsoho yana ta lissafin taki da auren ƙanwa, bai san an riga shi ɗiba ba. Sai ranar casa a ga baƙo ya iso da buhunsa da igiyarsa, yana ta gaisuwa.

Mai kunya ba ya iya buɗe baki ya ce a ranta masa, kuma shi na fi tausayi. Shi dai sai ya zama malami mai kula da tarbiyya. Tun da aka gama dam ɗin Challawa a 1992 masunta suka sami wurin zama a wannan yanki, kuma ba a taɓa yin malamin da ya damu da karatun ɗan masunci kamarsa ba. Yakan je gida ya tattauna da uban yaro a kan rubutun yaron, kuma tattaunawar ba ta faɗawa sai bayan magariba, daidai lokacin da ake fito da kwano. "Malam, bismilla." "A'a wallahi, alhamdu lillahi." Yana faɗa yana wanke hannu.

Sai Malam mai fatawa. Ya haddace aya ta 280 ta Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci, yana karanta ta da tajwidi duk lokacin da aka tare shi. Ayoyi biyu kacal a gaba akwai ta 282, mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta ce a rubuta bashi da wa'adinsa a kafa shaidu. Haddarsa ba ta kai nan ba tukuna.

Wanda ya fi shan wuya shi ne mai manhaja. Ya ji kunyar mutanen gari, ya tafi inda ba a ganin ido: ya sauke manhajar bashi, ya danna amincewa ba tare da ya karanta ba, ya ba su izinin shiga lambobin wayarsa. Kuɗin ruwa ya hau, wa'adin mako ɗaya ko biyu ya cika. Hukumar FCCPC ta kai wa irin waɗannan kamfanoni samame a Legas a 2022 saboda tozarta mutane, amma wannan bai hana saƙo isa wayar hedimasta, da ta limamin unguwa, da ta baban yarinyar da yake nema ba.

Malamai mata nasu daban ne. Malama takan shiga adashen matan gidan da aka sauke ta, ta roƙi kwasar farko saboda ita baƙuwa ce, ta saro hijabai da turare, ta sayar wa malaman makaranta bashi. Kafin zango ya raba, rabin mazan da na lissafa suna cikin ɗan littafinta, kuma ita ba ta san zancen netwok ba. "Malam, yau Alhamis," shi ke nan gaisuwarta.

Makon ƙarshe shi ne makon hisabi. Kowa ya san ɗan TP ba ya tafiya sai hedimasta ya sa hannu a takardarsa ya buga hatimi, don haka mai shayi da mai wanki da ɗan acaɓa sukan yi sammako su zauna a bencin ƙofar ofis. Alhaji mai shago ne kan zo a ƙarshe, da littafi a hammata. Hedimasta ya ɗaure fuska, ya yi wa yaran faɗa a kan mutuncin aikin malanta, sannan ya miƙa hannu a ba shi littafin ya gani da idonsa. Alhaji ya matso ya rage murya: "Ranka ya daɗe, ka fara daga baya. Shafin farko naka ne."